Daga 10 zuwa 90: yadda aka riƙa auna sauƙin Babanmu bayan shanyewar ɓarin jiki

Mu dai in aka tambaye mu ya mai jiki amsarmu ɗaya ce, da sauƙi. Ko mutum na kan gargara da sauƙi ne. Ni ma haka na yi ta faɗa kwana 12 cur muna asibiti a nan Garwa, duk wanda ya kira daga Marwa ko Ngawundare ko dangin Inna na Yola sai nace da sauƙi Alhamdulillahi, alhali Baba na kwance ko juyi baya iyawa sai mun kama shi mu biyu duk bayan awa 2 saboda kar gyambon kwanciya ya kama shi. Abin dariya abin tausayi shi kansa Baban kalmomin da suka rage a bakinsa kenan, "to" da "da sauƙi", sai Fatiha da yake karantowa tiryan-tiryan ba gargada amma kace ya faɗi sunan ruwa ya gagara. A rana ta 12 ɗin ne wata mata ta shigo ɗakin da takarda ɗaya da bik, ta ja kujera ta zauna, kafin minti 15 ta mai da da sauƙin nan nawa lamba. 10 cikin 100.

Bari in ɗan koma baya kaɗan. Baba goro yake saidawa a kasuwa, shekararsa 67, kuma ya daɗe da tansiyon, wato hawan jini, an rubuta masa amlodipine amma shansa irin na mutanenmu ne, in kai ya sara a sha in ya lafa a jefa cikin aljihun riga. Wata Talata cikin watan Maris, lokacin zafin nan na Garwa da ko dare baya hucewa, ya zo alwalar asuba buta ta suɓuce daga hannunsa, baki ya karkace, magana ta cakuɗe. Kawu yace iska ce, aka tafi neman rubutu da hayaƙi, ba mu kai shi asibiti ba sai bayan la'asar. Dokta yace AVC ne, haka suke ce masa da Faransanci, aka yi sikana aka ga jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ya sa dama ta mutu, don kowane ɓangare kishiyarsa yake juyawa, kuma ga yawancin mutane magana ma a hagun take. Yace iri biyu ne, na toshewa da na fashewar jijiya, kuma maganin da ke narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi na farko ake ba da shi, mu ko yana hannunsa mun riga mun wuce. Wannan maganar har yau bana son tunata, to a barta.

Matar nan kine ce, masu gashin ƙashi da motsa jiki kenan, mu Madam muke ce mata. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, Faransanci da Fillanci take yi, ni ne tafinta tunda ni ne gardi-maladi, wato mai jinya. Ta fara da auna ƙarfin gaɓoɓi, shi wannan daga 0 zuwa 5 ne. 0 ko motsi babu, 1 kana ganin tsoka na ɗan harbawa amma gaɓar bata tashi, 2 yana iya jan ta a kan katifa, 3 yana ɗaga ta sama, 4 yana ɗagawa ko an ɗan danne, 5 lafiya lau. Hannun Baba 1, ƙafa 2. Ta rubuta a karne, littafin asibitin Baba. Sannan ta ɗauko takardar tace yanzu kai zan tambaya.

Abu 10 ne a jiki. Cin abinci, wanka, gyaran fuska wato wanke ido da goge baki da aski, sa kaya, riƙe bayan gida, riƙe fitsari, shiga bayi da fita, tashi daga gado zuwa kujera, tafiya, sai hawa matakala. Kowanne ana ba shi 0 ko 5 ko 10, tafiya da tashi daga gado su ne suke kai 15, wanka da gyaran fuska kuma iyakarsu 5, in ka tara duka 100. Ma'aunin Barthel sunansa. Daga baya da muka saba take gaya min a Amurka aka fito da shi a 1965, a jihar Merilan, mata biyu ne suka tsara shi, likita Florence Mahoney da Dorothea Barthel, kuma ita Barthel ɗin kine ce irinta, tana faɗa tana wani ɗaga kai kamar yayarta ce uwa ɗaya uba ɗaya.

Na farko na biyu na amsa ba matsala, duk 0 ne, a baki muke ba shi kunun gyaɗa, mu muke goge masa jiki. Da ta zo kan na biyar sai ta tambaye ni kai tsaye, gaban Baba gaban Inna, yana riƙe bayan gida ko yana kufce masa? Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mahaifina ne fa, mutumin da ban taɓa ganin ko cinyarsa ba sai wannan kwanciyar, kuma yana jin Fillanci sarai kamar duk wanda ya tashi a Garwa, bakin ne kawai ya ƙi. Na sunkuyar da kai nace ba matsala Madam yana riƙewa. Ba ta ce komai ba, ta kalli ledar da muka shimfiɗa ƙarƙashin zanin gado, ta kalli zannuwa biyu da Inna ta shanya a taga, ta dawo ta kalle ni. Tace mu fita waje. A baranda tace min, ɗana ba jarrabawa ba ce da za ka taya shi satar amsa, kuma ba abin da kake ganin zai iya nake tambaya ba, abin da ya faru jiya da shekaranjiya nake so. In ka ba ni lambar ƙarya yau, nan da wata ɗaya in ya samu sauƙi na gaske takarda za ta nuna bai motsa ba. Na gaya mata gaskiya, sau ɗaya ya kufce cikin satin. Ta sa 5. Fitsari 0 tunda sondi, robar fitsari, ke jikinsa. Tashi daga gado 5 don yana iya zama in mutum biyu sun ɗaga shi. Shikenan 10 ɗin. Tun daga ranar duk tambayar da ta shafi bayi a waje muke yinta, wannan kam ta gane mu.

Da aka sallame mu muka yi da ita tana zuwa gida sau 3 a sati, sefa dubu 5 kowane zuwa har da kuɗin kilando, wato ɗan acaɓa, Yaya da ke Yawunde shi yake turowa. Kuma duk sati 4 zuwa 6 sai ta sake ɗauko takardar nan. A gida ne na gane wanda ya rubuta ta bai taɓa shiga gida irin namu ba. A wajen cin abinci an rubuta wai 5 shi ne mai buƙatar a yanka masa nama ko a shafa masa bota a burodi. Baba da tuwon dawa da miyar kuka ina ruwansa da bota? Madam ta mai da shi yankan loma da yagar nama. Matakala kuwa gidanmu kaf babu ko ɗaya, sai na masallacin unguwa guda 4, su muka sa a madadi. Tafiya an ce sai mutum ya yi kamar mita 50, na ari tef ɗin telan da ke ƙofar gidanmu, mai mita ɗaya da rabi, na yi ta aunawa yara na bina suna dariya, daga bakin zaure zuwa gindin darbejiyar masallaci ya ba ni mita 54. Bishiyar nan ta zama ita ce Makkarmu.

Amma wanda ya fi ba mu wuya shi ne cin abinci, kuma ba don hannu ba. Hagun Baba lafiyarta ƙalau, tun sati na 3 zai iya ɗaukar cokali da ita, ya ƙi. Ka ajiye kwano ka sa masa cokali a hagu sai ya saki ya juyar da kai bango. Madam ta ɗauka bai gane ba ne, tana ta kwatanta masa, ni kuma na san abin da ke ransa, mutum ya shekara sittin da wani abu bai taɓa kai hagu baki ba, hannun tsarki, hannun da in yaro ya miƙo masa kuɗi da shi sai ya ci ranƙwashi. Tace to ita dai 0 za ta sa ko kuma 5 in ya ɗan taɓa, don takarda bata san dalili ba, abin da ya shiga baki da hannun wa take ƙirgawa. Sai da na je na samu liman, abokinsa ne tun suna makarantar allo, ya zo ya zauna a gefen katifa yace Alhaji lalura ce, Allah bai ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba, ci da hagunka ba ka da laifi, kuma ya sa aka kawo tuwo ya zauna suka ci tare. Loma ta farko rabi a baki rabi a gemu. Baba ya fashe da kuka, kuka sosai irin na yara, ni da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da aka binne Kaka sai na fice zaure. Madam tace saurin kuka yana cikin ciwon, wasu ma dariya ce take kufce musu ba dalili, amma ni na san wannan kukan da dalilinsa.

Sai bayi. Namu na tsugunno ne, mai ƙafa ɗaya ba zai tsuguna ba, in ma ya tsuguna ba zai tashi ba. Kafinta ya yi mana kujerar katako mai rami a tsakiya da hannuwa biyu, da farko a ɗaki da bokiti a ƙasa, daga baya muka ɗora ta a kan masai. Wannan ya wuce. Abin da babu wanda ya tuna sai da muka zo kansa shi ne buta. Dama ke zuba ruwa hagu na wankewa, to in dama ta mutu wa zai zuba? Kenan ko ya iya zuwa ya zauna da kansa dole wani ya shiga ya riƙe masa buta, ni ɗin ne, ina juya fuska ina zubawa, shi yana kallon ƙasa, ba mai cewa uffan. Sati nawa muka yi a haka. Ƙanina ne mai gyaran moto ya kawo dabara, ya samo jarka mai famfo ya rataye a ƙusa, ya haɗa mata guntun tiyo ya ɗaure a hannun kujerar, Baba ya buɗe da hagu ruwa na zuba da kansa ya yi tsarkinsa ya rufe. A takarda wannan maki 5 ne kacal, daga 5 zuwa 10. A wurina da shi ya fi sauran 95 ɗin in aka haɗa.

Akwai ɓarnar da muka yi da hannunmu ita ma gara in faɗa. Duk mai zuwa dubiya sai ya kama hannun daman ya ja wai yana miƙar da shi, Kawu ma har da girgizawa, mu kanmu in za mu tashe shi ta hammata muke cicciɓa. Kafaɗa ta fara ciwo har baya barci. Madam ta kama ɗan yatsana ta sa a saman kafaɗar, sai na ji wani rami tsakanin ƙashi da ƙashi yatsan ya shige, tace ka ji? tsokar da ke riƙe hannun ta saki, nauyinsa kaɗai na janyo shi ƙasa balle ku ƙara da ja. Daga nan aka kafa doka, ba mai taɓa hannun, in yana zaune a ɗora shi kan matashi, in za a tashe shi a kama ƙugu. Kawu ya yi fushi ya kwana biyu bai zo ba, dama tun da aka hana wanzaminsa yin ƙaho saboda Baba na shan asfirin yake ganin mun zama 'yan boko.

Sati na 6 aka auna, 40. Mun yi murna har Inna ta yi sadakar ƙosai. An cire sondi, bayan gida ya daidaita, yana tashi da taimakon mutum ɗaya. Sati na 10 aka sake, 45. Wata guda cur maki 5, shi ma na fitsari ne da ya gyaru da kansa. Madam ta yi shiru tana juya karne, tace ƙafar nan ta kai 4 yanzu, hannu ya kai 2, zamansa daram, lissafin nan bai haɗu ba. Kwana biyu bayan nan, ranar da ba ranarta ba, sai ga ta da hantsi ba sallamar waya ba komai. Ta tarar da Baba a kan kujera tsakar gida kamar sabon sarki, Inna na ba shi kunu a baki don wai hagun na ɓata riga, ƙanwata na goge masa fuska da tsumma, ni ina durƙushe ina sa masa takalmi, autanmu na gyara masa hula. Ta tsaya ta riƙe ƙugu tace da Fillanci, yanzu na ga ciwon, ku ne.

Inna ba ta iya cin fuska ba amma ranar ta amsa. Tace min gaya mata, shekara 40 ina kai wa Alhaji ruwan wanka ina zuba masa na alwala yana lafiya ƙalau, yau da ya kwanta ne za a ce in naɗe hannu ina kallonsa yana kokawa da riga? Me mutane za su ce, ya haifi bakwai an bar shi kamar marar gata? Na fassara, na ɗan rage zafin. Kuma gaskiya ina ganin Inna tana da tata hujjar, takardar nan tana ɗauka kowane lafiyayye shi ke yi wa kansa komai, alhali a gidajenmu dattijo ko lafiyarsa lau akwai abin da ba ya yi don girma ne a yi masa. Amma ita ma Madam ba ta yi ƙarya ba. Tace ƙwaƙwalwa tana neman sabuwar hanya ne ta wurin maimaici, abin da bai yi ba ba zai dawo ba, kuma ita awa 3 take yi da shi a sati sauran duk namu ne. Tace ruwan wanka ki ci gaba da kaiwa Hajiya, ba a ƙirga shi, amma soso a hannunsa.

Aka yi sulhu a kan cewa duk abin da zai yi sai ya gwada tukuna, mu kuma hannu a baya, sai ya nema da kansa. Wallahi ya fi ɗaukarsa wuya. Ranar farko da ya sa riga shi kaɗai na duba agogon waya, minti 11. Ta koya masa a fara zura mataccen hannun tukuna sannan kai sannan mai lafiyan, in za a cire kuma mai lafiyan ke fara fita. Ya zura, rigar ta naɗe a gwiwar hannu, ya ja da haƙori, ta kufce, ya sake, gumi na ɗiga daga gemunsa, Inna na bakin murhu ta juya mana baya tana fifita wutar da ta riga ta kama. Sau 2 hannuna ya tafi da kansa na dawo da shi. Da kansa ya fito ta wuyan rigar ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya yace "to". Rigar a baibai take. Ba wanda ya gaya masa, haka ya wuni da ita.

Wani awon da na fi so don ni ma ina iya yi, shi ne na tashi ka dawo. Mun ja layi da gawayi mita 3 daga kujera, ya tashi ya taka zuwa layin ya juyo ya dawo ya zauna, ana kama lokaci. Farkon yi da sanda ina riƙe da ɗamararsa daƙiƙa 48. Bayan sati 3, 31. Ya zama kamar wasa, in ya zauna sai ya miƙo wuya yana leƙen wayar, lamba ya fi gane ta a rubuce fiye da a faɗa masa.

Da wata 3 ya cika muka koma randebu wajen dokta. A jajibirin ranar Madam ta auna 75, yana ci da kansa, yana asuwaki, yana tashi daga gado ba mai kama shi, ya kai darbejiya ina gefensa riƙe da ɗamara, ya hau matakalar masallaci da taimako. Na shiga ofis ɗin ina ji da kaina. Dokta ya yi tambaya bai fi 5 ba, yana tafiya ba mutum a jikinsa? Nace da ni dai. Wanka fa? Ana taya shi. Za ku iya barinsa shi kaɗai a gida ku wuni? Nace a'a. Ya rubuta 4. Nace 4 cikin nawa? Yace cikin 6, kuma a nan ƙarami ake so, 0 shi ne garau, 5 wanda ke kwance sai an yi masa komai, 6 rasuwa. Raina ya ɓaci, nace dokta mutumin da ya tashi daga 10 zuwa 75 za ka ajiye shi taki biyu daga kabari? Ya yi dariya yace ba haka ake karantawa ba. Wannan ma'aunin Rankin ne, wani likita John Rankin ya fito da shi a Gilasgo ta Sikotilan a 1957 daga baya aka yi masa gyara, shi ba ya bin abu ɗaya-ɗaya, tsaye yake kallon mutum gaba ɗaya ya ce nawa yake dogara da wasu, kuma a kwana 90 aka saba auna shi. Iyakar da ke tsakanin 4 da 3 ita ce tafiya ba hannun mutum, sanda ba laifi. Yace ranar da ka saki ɗamarar nan ya zama 3. Sannan ya ƙara da maganar da ta hana ni barci, wai mafi yawan sauƙin a wata 3 na farko ake samunsa, daga nan yana rage gudu zuwa wata 6, bayan nan ma ana samu amma da kaɗan-kaɗan.

Sakin ɗamarar ni ne na kasa ba shi ba. Ga damina ta shigo, lungunmu duk taɓo, ina ganin in na saki zai zame ya karya ƙugu mu koma farko. Madam ta sa na fara da riƙewa da yatsa biyu, sannan hannu a kusa ba taɓawa, sannan taki ɗaya a baya. Wata magariba cikin Yuli na tsaya amsa gaisuwar maƙwabci, ina juyowa na hango shi ya kusa bishiyar shi kaɗai, yana jan ƙafar dama yana zagayo da ita kamar mai shara, sanda na gaba, tsofaffin da ke kan dakalin masallaci duk sun yi tsit ba mai ce masa sannu don kar ya waiwayo.

Watan Satumba, wata 6, Barthel 90, Rankin 3. Biyar ta tafi a matakala don har yanzu sai an tsaya kusa da shi, biyar a sa kaya. Na turawa Yaya hoton takardar ya sa a gurup ɗin dangi na WhatsApp aka yi ta barka, wasu har suna tambaya yaushe zai koma kasuwa. Nan ne fa na ga inda takardar ta tsaya. Mun kai shi rumfarsa wata safiya don ya sha iska, wani tsohon kwastomansa ya zo ya gaishe shi ya sayi goro na 500 ya miƙa masa jaka ɗaya. Baba ya karɓa da hagu yana jin kunya, ya buɗe gwangwanin canji, ya tsaya. Mutumin da yake lissafin huhun goro da ka kafin mai kalkuleta ya gama dannawa, ya ɗauki 100 ya ajiye, ya ɗauki 500 ya kalle ni ya mayar. Yana so yace fari ko ja kake so sai "albasa" ta fito, kuma ya san ba ita ba ce, ya ciji leɓe ya bugi cinyarsa. A cikin abu 10 ɗin nan babu magana, babu lissafi, babu ko hannun dama in dai hagu ta iya aikin. Mutum zai iya cin 100 cif yatsunsa na dunƙule bai iya kiran sunan ɗansa ba. Har yau ni da sunan Yaya yake kirana, na daina gyara masa.

Na yi wa Madam ƙorafi tace ta sani, akwai wani mai faɗi da suke kira MIF, abu 18 ne kowanne daga 1 zuwa 7, ƙarshensa 126, shi ya haɗa da fahimta da furuci da tuna abu da warware matsala da zama da mutane, amma yana cin lokaci kuma sai wanda aka horar a kansa. Tace magana kuma aikin wasu ne daban masu koyar da furuci, mun nema a kusa ba mu dace ba, sai abin da take nuna mana, mu ɗauko abu mu fara masa harafin farko ya ƙarasa. Bu, buta. Ta, tabarma.

Sai na sayi kaye, littafin rubutu, na 200 na ja layi na yi namu. Na zauna da Baba ina faɗa yana gyaɗa kai ko ya girgiza, abin da ya yarda shi na rubuta. Alwala shi kaɗai. Sallah a tsaye. Sujada a ƙasa ba a kujera ba. Sauka kan tabarma da tashi daga kanta, wanda takardar Amurka ba ta san da shi ba don su gado da kujera suka sani. Jan carbi da dama. Ba da canji, kullum bayan la'asar autanmu ke zama kwastoma da kuɗin gaske sau 10. Na kawo maganar hawa moto ya girgiza kai, na kawo zuwa kasuwar Pitowa ran Lahadi ya ɗaga hannu alamar tukuna. Satin nan alwala ta samu sai wanke hannun hagu da yake yi ta hanyar zura shi cikin roba, tsayuwa da ruku'u yana yi, sujada har yanzu a kujera, carbi yana ja 7 ko 8 kafin yatsun su ƙage, canji 4 daidai cikin 10. Maganin tansiyon kuwa yanzu Inna ce ke riƙe da shi, bayan asuba take ba shi ta tsaya sai ta ga ya haɗiye.

Biyar ɗin sa kaya kuma zariyar wando ce ta riƙe ta, ƙulli baya yiwuwa da hannu ɗaya. Madam tace a kai wa tela ya cire zariyar ya sa roba, an yarda da wannan, take zai zama 95. Inna har ta tattara wanduna 3 ta ba ni. Baba ya hango su a hannuna ya tambaya da ido, na yi masa bayani, ya ɗaure fuska ya yi ta laluben kalma har na ɗauka ya haƙura, can sai yace "na yara". Na mayar da wandunan cikin akwati. Kullum da safe ni nake ƙulla masa, randebu na gaba kuma sai Disamba.